Shafi ɗaya bayan Asuba: yadda mai shagon yadi a Garwa ya saba da rubutu kullum

Ranar sadakar ukun Goggo, a daminar 2022, muna zaure ana karɓar gaisuwa, ɗan ƙanena ya matso ya tambaye ni sunan garin da kakanmu ya baro kafin ya sauka Garwa, a nan arewacin Kamaru. Na buɗe baki zan ba shi amsa na tarar babu ita. Na san an ce daga ƙasar Kano ne, na san fatauci ya kawo shi, amma garin da hanyar da ya biyo duk suna bakin Goggo, ita kuwa mun kai ta makwancinta. Cikin 'ya'yan kakanmu saura mutum ɗaya, Baffa, wanda ya doshi tamanin, ido ya yi rauni amma kai garau. A daren nan na ɗaura niyyar rubuta duk abin da zan iya samu daga bakinsa, da Hausa, saboda yaranmu. Tsakanin wannan niyya da ranar da na fara rubutun gaske sai da aka yi wata goma sha huɗu, kuɗi kuma suka tafi a banza. Waɗannan watannin nake so in rage wa duk wanda ke da irin nufina.

Ni ba marubuci ba ne, ɗan kasuwa ne. Ina da shagon yadi da atamfa a babbar kasuwa, ina buɗewa ƙarfe takwas, ba na rufewa sai an kusa kiran Magariba. Yara huɗu gare ni, uku ni ke kai su makaranta a babur kafin bakwai da rabi. Duk bayan 'yan makonni akwai tafiyar saro kaya. Na yi makarantar allo, na kuma yi boko har aji huɗu na sakandare, amma bokonmu na nan da Faransanci ne. Hausa a gida muka sha ta, a kasuwa muna haɗa ta da Fulatanci, da dare mu ji ta a rediyo. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini yadda ake rubuta ta, ni kuma ban san akwai abin koyo a ciki ba.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka rubutu da kwamfuta ake farawa. A watan Janairu na 2023 na sayi 'yar gwanjo a wani shago kan sefa 90,000. Kwana biyu da kawo ta gida na gane batirinta ba ya riƙe wuta ko na minti ashirin. Na koma, mai shagon ya ce in dawo jibi. Jibi na tarar da yaronsa kaɗai, na zauna a benci tun daga La'asar har aka fara tattara kaya, maigidan bai zo ba. Sai a zuwa na uku aka sauya batirin, shi ma da ƙarin sefa 15,000 daga aljihuna. Da na zauna rubutu sai wata rigimar ta taso. Madannanta na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, kuma duk kalmar da na buga sai ta ja mata jan layi a ƙasa kamar malamin da ke duba jarrabawa. Wani lokaci ma ta sauya mini kalmar da kanta zuwa wata ta Faransanci da ta ga sun yi kama. Ga ni da yatsa biyu nake bugu, kafin in gano inda harafi yake maganar da ke kaina ta gudu. A wata biyu shafi biyu da rabi na tara.

Sai na ce matsalar lokaci ce, bari in ware Lahadi gaba ɗaya. Wanda ya san zaman Hausare ya san wannan dabara ba ta da rai. Lahadi ita ce ranar ɗaurin aure da walima da zuwa dubiya, ranar da surukai ke aiko a zo ana nema. In babu ɗaya daga ciki, to kasuwar Pitowa na ci, abokin ciniki ya ce in raka shi. Cikin Lahadi takwas biyu kaɗai na samu na zauna, kuma a duka biyun rabin lokacin ya tafi wajen karanta abin da na rubuta a baya don in tuna inda na tsaya. Rubutun mako-mako kamar tuwon da ya kwana ne, kafin ka ci sai ka ɓata lokaci wajen ɗumame.

Daga nan na koma dare, bayan Isha'i. Na yi rashin sa'ar lokaci, don bazara ta shigo, azumi kuma ya kama a ƙarshen Maris. Zafin Garwa a Maris da Afrilu ba sai an ba wa kowa labari ba, rana takan haura digiri 40, bango kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. A daidai lokacin ne ruwan madatsar Lagdo, inda wutarmu ke fitowa, yake ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Ɗaki ba ya zaunuwa. In na fito tsakar gida da kwamfutar, haskenta ya tara mini ƙwari da sauro, yara su kewaye ni suna son a sa musu fim. In na leƙa ƙofar gida don in sha iska, majalisa ta kama ni, shayi na farko, na biyu, na uku, sha biyu ta buga. Gaskiyar da na daɗe ban yarda da ita ba ita ce, mutumin da ya wuni a tsaye yana auna yadi yana jayayya kan sefa ɗari biyu, da dare babu abin da ya rage a kansa. Wani dare uwargida ta same ni na yi barci a kan tabarma, kwamfuta a cinya, ta ɗauke ta ta ce, "Malam, wannan abu dai ko a sayar da shi a sayo fanka." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Abin da ya tsayar da ni cak ya faru bayan ƙaramar Sallah. Na ɗauki shafi ɗaya da nake ganin ya yi kyau na tura zauren danginmu na WhatsApp, inda akwai 'yan'uwanmu na Mubi da Yola. Ban daɗe ba aka fara turo hotunan dariya. Wani ɗan kawuna ya tambaya ko da wane yare na yi rubutun. Ashe na rubuta "tchikin" a wurin "cikin", "douniya" a wurin "duniya", "Djouma'a" a wurin "Juma'a", na kuma manne kalmomi da juna yadda bakina ke furta su. Mu nan haka kowa ke rubuta saƙo a waya, ba mu ganin aibinsa, don da haruffan Faransanci muka koyi karatu. Su ba da mugunta suka yi ba, wasan 'yan'uwa ne, amma kunyar ta shige ni sosai. Na rufe kwamfutar na sa ta ƙasan akwati. Daga Mayu har ƙarshen Agusta ban rubuta ko layi ɗaya ba, Baffa kuwa a cikin watannin nan ya kwanta jinya har sau biyu.

Kwanciyarsa ta biyu ce ta tsorata ni na tashi neman wanda zai koya mini. Aka yi mini kwatancen wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi karatunsa a Najeriya, yana zaune a unguwar Yelwa. Zuwan farko an ce ya tafi jana'iza. Zuwa na biyu na tarar yana sasanta wasu magada, na zauna a dakali fiye da awa biyu, da suka fito Magariba ta yi, ya ce in yi haƙuri in dawo Alhamis da hantsi. Alhamis na bar yaron shago shi kaɗai, na riƙo goro da kwalin sukari, na je. Ya karɓi takardata ya kai ta kusa da idonsa, ya karanta har ƙarshe bai yi dariya ba. Sai ya ce, "Labarinka yana da daɗi. Rigar ce aka ɗinka da zaren aro." Cikin zama ɗaya ya jera mini abin da ya fi yawa: inda nake sa "ou" in sa u, "tch" ya koma c, "dj" ya koma j, "ch" na Faransanci ya koma sh. Ya nuna mini haruffa masu lanƙwasa, ya ce kada in raina su, ya rubuta "kafa" da "ƙafa", "bata" da "ɓata", ya ce in karanta in ji bambanci. Ya ce a rubutun Najeriya ana sa 'y a kalma irin 'ya'ya, a Nijar kuma ƴ suke sawa, in zaɓi ɗaya in tsaya a kai. Sannan rabon kalmomi: "ya tafi" biyu ne, "za ka" biyu ne, "ne" da "ce" su kaɗai suke tsayawa, amma "gidansa" ɗaya ne. Na tambaye shi batun Hausarmu ta nan, da ta sha Fulatanci har wani lokaci mukan mai da mace namiji a magana. Ya ce inda ni ke ba da labari in bi daidaitacciyar Hausa gwargwadon iko, inda Baffa ke magana kuwa in bar masa bakinsa yadda yake, kada in mai da tsoho ɗan jarida. Sau huɗu na koma wurinsa, bai karɓi ko sisi ba.

A zama na uku ne na kawo kukan rashin lokaci. Ya sa na lissafa masa wunina tun daga farkawa har kwanciya, yana ji yana kaɗa kai. Da na gama ya ce, "A duk wannan, mene ne ba ka taɓa fashinsa?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, salla." Ya ce wacce ce babu mai nemanka bayanta? Na yi shiru, don amsar a fili take. Bayan Asuba babu mai ciniki, babu mai gayyata, majalisa ba ta zauna ba, yara ba su tashi ba. Sai ya tambaye ni yadda na yi karatun allo, ko malaminmu ya taɓa ba ni izu guda a rana. Na ce a'a, abin da allo ya ɗauka ne, in na haddace in wanke a ɗora mini. Ya ce to izu sittin ɗin da allo ɗaya-ɗaya ake sauke su. Ya kafa mini sharaɗi uku: da hannu zan rubuta, shafi ɗaya tak, kuma ba zan gyara komai ba sai littafin ya cika. Na ce shafi ɗaya ai ya yi kaɗan. Ya ce in yi wata guda ban yi fashi ba, sannan in zo mu yi maganar ƙari. Ban taɓa komawa da maganar ƙarin ba.

Na fara ranar Litinin, 2 ga Oktoba 2023. Kayan aikin duka: littafin rubutu mai shafi 200, irin wanda muke kira kaye, sefa 500, biro biyu, 200, ƙaramar fitilar sola, 4,000, sai kalandar da wani dillali ya ba ni kyauta, na rataye ta a zaure. Wanda ya kashe sama da dubu ɗari a kwamfuta, ga abin da ya ishe shi. Tsarin kuwa bai sauya ba har yau. In na dawo daga masallaci wajen biyar da 'yan mintuna ba na shiga cikin gida, don in na ga katifa an gama. A zaure nake tsayawa. Tun da dare na shimfiɗa buzu, na ajiye kaye a buɗe a shafin da zan cika, biro a tsakiya, fitila a kan tubali. Ina fara karatun Alƙur'ani da na saba, in rufe, in jawo kaye. A wannan lokaci garin yana da wani sanyi-sanyi ko da bazara, ana jin tattabarun maƙwabcinmu, da ƙarar tsintsiyar matar da ke share ƙofar gidan da ke kallonmu, can kuma mai koko tana jera kwanuka. Shafin yakan ɗauke ni minti ashirin da biyar zuwa rabin awa. In na kai layin ƙarshe sai in tashi in ja gicciye a kan ranar a kalanda, in shiga tashin yara. Waya kuwa tana ɗaki wurin uwargida, na roƙe ta kada ta ba ni ko na tambaya sai ta ga gicciyen. Ta riƙe wannan amana fiye da yadda na so.

Makon farko ya tafi lafiya saboda ɗoki. A na biyu na fara zama ina kallon farar takarda, minti goma ban sa komai ba, don ban san ta inda zan kama ba. A nan na gane cewa da safe ba a neman abin rubutawa, sai dai a zo da shi a hannu. Na mai da Juma'a bayan an sauko daga masallaci ranar Baffa. Nakan je da lemo ko 'yar tsire, in zauna kusa da gadonsa, in kunna naɗar murya a waya, in jefa masa tambaya ɗaya in yi shiru. Tambaya mai faɗi irin "Baffa, ba ni tarihin gidanmu" ba ta haifar da komai sai "Allah ya ji ƙan magabata". Amma in na ce, "Baffa, ran da aka fara kai ka bakin kogi, wa ya riƙe hannunka?" sai ya yi awa guda bai tsaya ba. A shago, lokacin da ciniki ya lafa tsakanin Azahar da La'asar, nakan sa abin ji a kunne in saurara, in tsakuro maganganu biyar ko shida in rubuta a bayan littafin bashi. Kowace ɗaya abincin safiya ɗaya ce. Na kuma koyi wata dabara da kaina: in shafi ya cika ina tsakiyar zance, ba na ƙarasawa, sai in rubuta kalma uku na farkon jimlar gaba a saman sabon shafi in rufe. Gobe in na buɗe, hannu ya san inda zai dosa.

Abin da ya riƙa fitowa daga bakin tsohon nan shi ya riƙe ni a kwanakin da lalaci ya so ya ci ƙarfina. Ya ba ni labarin tashar jiragen ruwa ta Garwa tun tana tashe, yadda jirage ke haurowa Binuwai daga Najeriya in kogi ya cika da damina, su sauke gishiri da siminti da kananzir, su yi lodin auduga da gyaɗa cikin gaggawa kafin ruwa ya janye, don watannin ba su da yawa. Ya ce a lokacin duk wani mai ƙarfi a unguwa ɗan dako yake komawa. Ya ba ni labarin ranar 1 ga Janairu 1960 da aka samu 'yancin kai, da irin alfaharin da mutanen gari suka yi cewa Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne. Ya kuma ba ni na ƙuri'ar 1961, wadda ta sa yankin Mubi ya bi Najeriya, aka wayi gari ƙanwar babarsa tana wata ƙasa alhali ba ta matsa ko taki ɗaya daga ɗakinta ba. Masu yi mini dariya a WhatsApp jikokinta ne.

Fashin farko mai tsawo ƙwallo ce ta jawo shi. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, daren 27 ga Janairu 2024 Najeriya ta fitar da Kamaru da ci biyu da nema, kuma wasan sai tara na dare aka fara shi. Bahaushen Garwa a irin wannan dare ba ya rasa abokin musu ta kowane ɓangare, muka kai ɗaya na dare a majalisa. Da Asuba na yi salla ido a rufe na koma gado. Kwana huɗu a jere haka, har na gane ashe shafin safe tun daga lokacin kwanciya ake rubuta shi. In na wuce sha ɗaya ban kwanta ba, gobe babu gicciye. Na biyu ya fi muni. Azumin 2024 ya kama a tsakiyar Maris, cikin tsananin zafi, bayan sahur da salla jiki ba ya karɓar komai sai barci. Ga mai sayar da yadi kuma goman ƙarshe ita ce kakarsa, masu kayan Sallah ba sa barin ka ka ɗaga kai har dare. Na yi kwana 26 ban taɓa kaye ba. Abin mamaki, bayan Sallah da lokaci ya dawo, sai na kasa komawa. Ina ganin farin da ke kalanda sai in ji kamar wanda ya ci bashi yana kauce wa layin mai shago. Na yi lissafin wai sai na rama shafi 26, nauyin lissafin ya ƙara hana ni farawa.

Malam na koma wa. Ya ce rubutu ba azumi ba ne, ba a ramuwarsa. Ranar da ta wuce ta wuce, in buɗe inda na tsaya. Ya kuma sassauta mini: ranar da ta yi tsanani, layi uku sun isa a ja gicciye. Da fari na ɗauka wannan ha'inci ne, amma sau da yawa in na zauna don layi uku sai in ga na kai rabin shafi, wani lokaci har ƙasa. Da azumin 2025 ya zo ban jira ya kayar da ni ba. Kwana ashirin na farko na mai da rubutun shago, da hantsi, lokacin da kasuwa ke kwance. Goman ƙarshe kuwa tun kafin su zo na ja musu layi a kalanda na rubuta "hutu". Hutun da ka ba kanka da wanda ya ƙwace maka ba ɗaya suke a zuciya ba, washegarin Sallah da kwana biyu na koma zaure ba tare da wani nauyi ba.

Tafiya ma ta koya mini nata. In zan sauka kudu saro kaya nakan hau mota zuwa Gaundare, daga can in kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Saboda tsoron kada kaye ya ɓace ko ya jiƙe, sai na riƙa rubutu a waya. A wata tafiya na tara na kwana shida, a hanyar dawowa aka zare wayar daga aljihuna a tasha. Muryoyin Baffa sun tsira don ɗan ƙanena ya riga ya kwafe su, amma rubutun ya tafi. Tun daga nan nake tafiya da ƙaramin littafi na sefa 150 a aljihun ciki, in na dawo in manna shafukan a cikin babban.

Zuwa ƙarshen Disamba 2024 na ƙirga gicciye 362 cikin kwana 457, kaye na biyu ya kusa cika. Sai batun bugawa. Na ɗauki shafi 40 na farko na kai wani shagon buga takardu, aka ce sefa 350 kowane shafin bugu, in dawo bayan kwana uku. Kwana ukun suka zama goma sha ɗaya: yau babu wuta, gobe ɗalibai sun kawo aikin makaranta na gaggawa, jibi mai bugun ta tafi suna. Da aikin ya fito shafi 14 ne, na biya 5,600 har da fitarwa a takarda. A bakin shagon na tsaya na fara karantawa, gabana ya faɗi. Yarinyar ba ta jin Hausa, ta bi haruffa ne yadda idonta ya gani, duk lanƙwasa ta zubar. Inda na rubuta cewa kakanmu ya yi baƙi daga Kano, ta buga ya yi baki. Wanda ya san abin da ake nufi da tsoho ya yi baki zai gane dalilin da ya sa ban kai wa Baffa wannan takarda ba. Ban ga laifinta ba, ni ne ban tambaya ba tun farko ko akwai mai jin Hausa a shagon.

Mafita tana cikin gidanmu ban sani ba. Ɗan ƙanen nan nawa da ya yi tambayar farko, yanzu yana jami'a, ya ciro kwamfutar daga ƙasan akwati, ya shiga saitinta ya ƙara Hausa cikin harsunan madannai, cikin minti biyar ga ƙ ga ɗ ga ɓ. Ya kashe mai jan layin nan. Wasu haruffa sun sauya wuri, A ta koma mazaunin Q, sai ya yanka 'yan takardu ya manna a kansu. A waya ma ya nuna mini Gboard, manhajar madannan waya, tana da Hausa. Shi ya buga duka a hutunsa, ni kuma da dare ina duba abin da ya buga da jan biro, a nan ne na yi gyaran da Malam ya hana ni yi tun farko. Ladansa ɗinkin Sallah da kuɗin kati. Wani abu da ya kamata a sani: fitarwar gwaji ta farko a shago, duk haruffa masu lanƙwasa sun fito kamar ƙananan akwatuna, don kwamfutarsu ba ta da irin zanen haruffan da ya yi amfani da shi. Sai da ya mai da aikin PDF sannan ya fito daidai. Shafi 120 ne. Fitar da na farko 6,000, kwafi huɗu a kan sefa 25 kowane shafi 12,000, ɗaurewa dubu-dubu, duka 23,000.

Masu tambayata a kasuwa yadda na yi, abin da nake gaya musu bai da yawa. Kada a sayi komai da ya wuce kaye da biro sai an cika kaye ɗaya. A nemi wanda ya iya ƙa'idar rubutun Hausa tun a makon farko, zama biyu ko uku sun isa a kama hanya, kuma kada a nuna wa taron dangi shafin farko, a nuna wa mutum ɗaya mai hankali. Lokacin kuwa ba dole sai Asuba ba. Wani abokina mai gadi bayan Isha'i ya fi masa, wata ƙanwata malamar asibiti kuma sai ta sauko daga aikin dare take yin nata kafin ta kwanta. Abin dubawa shi ne a jingina shi da wani abu da ba a fashinsa, a kuma yanke ma'aunin da ko ranar zazzaɓi za a iya cikawa. Ni dai da na sa wa kaina shafi uku, da tun watan farko na daina.

Kwafin farko Baffa na kai wa, wata Juma'a. Ba ya gani sosai, sai ya shafa bangon da tafin hannu, ya auna nauyinsa, ya ce in karanta. Na karanta masa babin zuwan kakanmu, yana kwance ido a rufe har na ɗauka barci ya yi. Da na kai inda na ce ayarin ya kwana uku a Yola, ya ɗaga yatsa ya ce, "Kai, yaron nan, wa ya ce maka uku? Damina guda suka yi, jakuna suka mutu, shi ya sa ya auri kakarku a can." Na ce, "Baffa, ai ba ka taɓa gaya mini ba." Ya ce, "Ba ka tambaya ba." Na laluba aljihu na kunna naɗar murya. Washegari da Asuba na buɗe kaye na uku, na rubuta a saman shafi: Daminar Yola.